Asusun Gidaje: Ƙaramin Ma'aikaci Na Zubi, Kwasa Ta Gagara

A shekarar 1992 ne gwamnatin tarayya ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa a ƙarƙashin Doka ta 3, domin ma'aikaci ya samu damar mallakar muhallin kansa. Dokar ta tanadi yanke kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci kowane wata, a zuba a asusun da Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke kula da shi.

A rubuce, sharuɗɗan ba su da tsauri. Wanda ya yi wata 6 yana zubi na iya neman rance a kan ruwan kashi 6 cikin 100, ya biya a tsawon lokacin da ke iya kaiwa shekara 30.

Inda gizo ke saƙar shi ne jingina. Banki na neman takardar shaidar mallakar fili, wadda bisa Dokar Filaye ta 1978 gwamnan jiha ne ke bayar da ita a birane. Masinja ko direban ofis da ya gaji fili, ko ya saya da takardar ciniki kawai, kuɗin safiyo da na rajista kan sa ya haƙura. Ta haka gumin ƙaramin ma'aikaci ke gina wa manya gidaje.

Wajibi ne gwamnatocin jihohi su rage waɗannan kuɗaɗe, su kuma ƙayyade wa'adin fitar da takardar. Shi ma bankin ya faɗaɗa shirinsa na biyan haya har gida ya zama na mai haya. Muddin ba a yi haka ba, talaka zai ci gaba da ɗaukar zubin nan a matsayin haraji.