Hawan jini na cin 'yan'uwanmu a Jidda a ɓoye

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba. Mu 'yan zango maganar ta shafe mu, musamman yaranmu masu aikatau da tuƙi a Jidda. Wanda iƙamarsa ta mutu tsoron asibiti yake, sai ya haɗiyi maganin ciwon kai ya koma aiki. Ga gishiri da maiƙo, ga wuni a mota, ga mu kullum muna waya a turo riyal. Na'urar awo kuwa tana kantin magani, mai saye ba a tambayarsa takarda. Iyayenmu, in sun kira ku tambayi awonsu. In yana kai 140/90, su nemi likita.