Sulo ya rikice, an ce ka sayo sensa. Wa ya gwada ta?

Zare ne, ku ɗan yi haƙuri da tsayinsa. Kan motocin nan da ke rawa a tsaye, ko su mutu da zarar an kunna esi a cikin gosulo, da yadda ake tatsar masu su da sunan gyara. 🧵

Kowa ya san yadda abin ke tafiya. Ka kai mota gareji, oga ya buɗe bonet, ya taka totur sau biyu, ya kasa kunne, ya ce "Alhaji filogi ne." An canza. Bayan kwana uku ka dawo, "to nozul ne." An wanke. Ka sake dawowa, "gaskiya sensar totur ce." Daga nan sai koyil, daga koyil sai a fara maganar birenbos. Wannan ba gyara ba ne, caca ce da kuɗinka.

Kuma irin abin da muke wa jikinmu ne. Kowane zazzaɓi maleriya da taifod ne, a je kemis a haɗo magani, gwaji kuwa ɓarnar kuɗi.

Sulo dai shi ne juyin inji lokacin da ƙafarka ba ta kan totur. In inji ya ɗauki zafi, yawancin ƙananan motocin fetur suna zama tsakanin 600 da 800 a allurar rpm. Da sassafe ya haura 1,000, sannan ya sauko a hankali. Wannan lafiya ne, kar kowa ya taɓa maka komai.

A zamanin kafireta, sukuru ne ke riƙe da sulo, a murɗa shi a huta. Motar nozul ba haka take ba, birenbos ne ke lissafin iska da mai. Tsohuwar Corolla mai wayar totur tana da ɗan bawul da ke buɗe wa iska hanya a sulo. Camry Big Daddy da Muscle kuwa ko wayar totur ba su da ita, ƙaramar mota ce ta lantarki ke buɗe bakin totur ɗin. Duk da haka za ka ga an ɗaure waya tamau, ko an murɗe sukurun da kamfani ya saita, wai an "ɗaga sulo". An ɓoye ciwon ne kawai, kuma kai za ka biya a gidan mai. Tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 wa ke da fetur ɗin wasa?

Abin da ke ba ni haushi shi ne motar da kanta tana faɗin inda ke mata ciwo. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket ɗin OBD2 mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Turai ta wajabta irinsa ga motocin fetur a 2001. Wato kusan duk Beljiyam ɗin da ke yawo a titinmu tana da shi. Ɗan na'urar ELM327 da manhaja irin Torque ko Car Scanner a wayarka sun isa ka karanta lambar matsala. Kuɗinta bai kai na sensa ɗaya ta kirki ba.

Amma fa ku tsaya, masu "an sa mata kwamfuta" ma ba su tsira ba. Na'ura ta nuna P0122, sai yaro ya ɗago kai ya ce "kwamfuta ta ce a canza sensar totur." Ƙarya ne, ba ta ce haka ba. Abin da ta ce shi ne wutar da ke dawowa daga layin sensar ta yi ƙasa. Zai iya zama sensar, zai iya zama wayar da ɓera ya ci, ko soket da ya yi tsatsa bayan an wanke inji da ruwa mai ƙarfi.

Gwajin kuma minti biyar ne. Sensar totur tana karɓar bolt 5. A rufe tana mayar da wajen 0.5, a buɗe gaba ɗaya wajen 4.5. A sa mita, a taka a hankali. In lambar tana hawa sumul, sensar lafiyarta ƙalau, a nemi matsalar a wani wuri. In tana tsalle ko ta faɗi a tsakiya, to yanzu ka tafi Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Apo da hujja a hannu.

Koyil ma haka. P0302 na nufin silinda ta biyu ba ta ƙona mai daidai. Kafin a ce ka sayo koyil huɗu, a ɗauke na biyu a musanya shi da na uku. In lambar ta koma P0303, koyil ɗin ne, guda ɗaya tak. In ta tsaya a P0302, a duba filogi, nozul ko kwamfireshan. Wannan gwajin ko sisi ba ya ci. Me ya sa ba a yinsa?

Sau da yawa ma ba sensa ba ce sam. Tiyon iska ne ya tsage saboda zafi da tsufa, inji yana zuƙar iskar da birenbos bai lissafa ba. Sai ka ga P0171 ko P0507, sulo yana hawa yana sauka kamar mai haki. Duba LTFT a manhajar: in ya wuce +10 a sulo, amma ya sauko da ka ɗaga inji zuwa 2,500, nemi inda iska ke shiga. Ko kuma bakin totur ya yi baƙi da dauɗa. Ko ƙurar hunturu ta rufe sensar iska, don an shekara ana hure fita da kwamfiresa maimakon a sayi sabuwa.

In an wanke totur na lantarki ko an cire kan batir, birenbos sai ya sake koyon sulo. Nissan ta fi kowa tsiya a nan, tana da nata tsarin da dole a bi. Wanda bai sani ba sai ya ce totur ɗin ya mutu, a sayo wani.

Motar da ke mutuwa in ta yi zafi, ka jira ta huce ta tashi kamar ba ita ba, a tuhumi sensar kiranshaf, P0335. Ita ke gaya wa birenbos lokacin ba da wuta. Mutane nawa aka sa suka sayi famfon mai a kan wannan?

Sai maganar tamostat. "Ai na ƙasar sanyi ne, mu nan zafi gare mu." Haba jama'a. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90, ko a Kano ko a Kanada. In ka cire shi ka haɗa fanka dairek, inji ya daɗe bai kai zafinsa ba, birenbos ya ci gaba da zuba mai kamar da asuba, sulo ya ƙi sauka. Sannan a zo ana zargin sensa.

Masu cire ƙwan cek injin ko su manna masa baƙin salatif don a sayar da mota, Allah na ganinku. In wutar nan tana ƙiftawa, ɗanyen fetur ne ke gangarawa salansa yana ƙona indomi, kuma ku tambayi kuɗin indomi yanzu.

Kar a ce na tsani makanikai. Akwai masu hannu na gaske, kuma rabin laifin namu ne masu mota. Mutum zai ƙirga dubu arba'in ya sayi kayan da ba ya buƙata bai ce uffan ba, amma rewaya ya yi awa guda da mita ya gano waya ɗaya da ta tsinke, ya nemi haƙƙinsa, sai ka ji "don wannan 'yar wayar?" To in ba a biyan kuɗin bincike sai na canji, me kake so ya koya wa yaransa? Canji zai koya musu.

Kuma ba maganar aljihu kaɗai ba ce. In inji ya mutu kana cikin tafiya, sitiyari ya yi nauyi nan take, birki kuma taku ɗaya ko biyu ya rage maka kafin ya sandare. Yi tunanin haka a shataletale da yamma, ga 'yan adaidaita ta ko'ina, ga yara a kujerar baya.

Don haka in an ce ka sayo sensa, tambaya uku: wace lamba ta fito, me mita ta nuna, in an canza ba ta daina ba wa zai ɗauki asarar? Ka ɗauki hoton lambar kafin a goge ta, ka kuma karɓi tsohuwar sensarka ka jefa a but.