Dillalai Biyu Sun Raba Kasuwar Manhaja

Duk wayar hannu ta zamani da mutum zai saya a yau, da wuya ta fita daga ɗayan gida biyu: ko tsarin Android na kamfanin Google, ko kuwa iOS na Apple, dukansu na Amurka. Da can ba haka abin yake ba. A 2008, lokacin da Apple ya buɗe kasuwarsa ta App Store, Google kuma ya biyo sawu da Android Market, Nokia da BlackBerry ne ke jan ragamar wannan ciniki, Microsoft ma yana da nasa tsarin.

Babban abin da ya kayar da waɗannan ukun shi ne ƙarancin manhajoji. Mai saye ba ya son wayar da ba ta da abin da abokansa ke amfani da shi, mai ƙirƙira kuma ba zai raba dare yana rubuta manhajar da ba ta da masu saye ba. Microsoft ya sayi sashen wayoyin Nokia a 2014 a kan fiye da dala biliyan 7, har ya riƙa biyan masu ƙirƙira don su zo gare shi, amma haƙarsa ba ta cim ma ruwa ba. BlackBerry kuwa ya rufe hidimar tsohon tsarinsa a Janairun 2022.

Watau masu ƙirƙira su ne suka ɗora Apple da Google a kan karaga, amma da ƙura ta lafa sai suka tarar sun zama 'yan haya. Kamfanonin biyu sun yanka wa kansu la'adar kashi 30 cikin 100 a kan cinikin manhaja, kuma su ke da ikon korar mai rumfa. A Agustan 2020 duka biyun suka fitar da wasan Fortnite daga kasuwanninsu, saboda kamfanin Epic Games ya kauce wa hanyarsu ta karɓar kuɗi.

Abin lura shi ne, sassaucin da ya biyo baya bai zo ba sai da aka kai ƙara, hukumomi kuma suka sa ido. A 2021 kamfanonin suka rage wa ƙananan masu ƙirƙira la'adar zuwa kashi 15. A shekarar ce Koriya ta Kudu ta hana tilasta hanyar biya guda ɗaya. A 2024 dokar Tarayyar Turai ta sa Apple ya ƙyale wasu kasuwannin manhaja a wayoyinsa a can. Ashe 'yan kasuwa biyu masu farashi ɗaya ba su isa su sauko da shi don kansu ba.

Ɗalibin Nijeriya mai sha'awar wannan sana'a ya kamata ya fara da Android, domin shi ne a wayoyin Tecno da Infinix da ke hannun yawancin jama'a. Sai dai kada ya jingina abincinsa ga rumfa ɗaya. Ya tanadi shafin intanet nasa na kansa, inda ba mai korarsa dare ɗaya.

Hukumar FCCPC mai kula da gasa da haƙƙin masu saye, wadda ta ci tarar kamfanin Meta dala miliyan 220 a 2024, ta nuna tana iya fuskantar manya. Ya kamata ta duba sharuɗɗan da ake gindaya wa masu ƙirƙira na gida, tun sana'ar tana da ɗanye, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.