Ra'ayinmu: Mu Auna Makonmu Kamar Yadda Muke Auna Hatsi

Babu maganar da ta fi yawa a bakin 'yan'uwa cikin ikilisiyoyinmu na ƙasar Daura kamar "ba lokaci". Maigida ba shi da lokacin zama da 'ya'yansa, mai juna biyu ba ta da lokacin zuwa awo, saurayi ba shi da lokacin gaida kakarsa da ke kwance. Kowa yana gudu tun asuba har dare, amma in aka tambaye shi inda yinin ya tafi, sai ya yi shiru.

Alhali kuwa mutanen Daura sun san darajar abin da ake samu da awo. Labarin da muka gada ya ce macijin rijiyar Kusugu ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a kaɗai, har zuwan Bayajida a zamanin Sarauniya Daurama. Gidan da ke samun ruwa sau ɗaya a mako ya san abin da kowane tulu zai yi. Har yau manomi a Baure ko Sandamu ya san dami nawa ya zuba a rumbu, uwargida kuma ta san tiya nawa ke kai gidanta wata guda. Lokaci ne kaɗai muke kashewa ba lissafi.

Mako guda sa'a 168 ne, ga mai kuɗi da talaka. In mutum yana barcin sa'a 7 kowane dare, an cire 49, saura 119. Shawararmu ita ce kowane gida ya bi sawun waɗannan sa'o'i na mako ɗaya tak. A sami littafin rubutu irin na 'yan makaranta, a raba yini kamar yadda muka saba: asuba, hantsi, azahar, la'asar, magariba da dare. Wanda ba shi da agogo, kiran sallar maƙwabtanmu Musulmi ya ishe shi alama. Kafin a kwanta, a rubuta abin da kowa ya yi a kowane kashi, ba ƙari ba ragi. Wanda bai iya rubutu ba, ɗansa ya rubuta masa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga masu bi. John Wesley na Ingila, wanda ya kafa ɗarikar Methodist a ƙarni na 18, ya riƙa rubuta abin da ya yi sa'a bayan sa'a domin ya bincika kansa.

Muna zaton littafin zai nuna mana abu uku. Na farko, ƙananan ramukan da lokaci ke zurarewa. Wasan ƙwallo minti 90 ne, amma da hutun rabin lokaci da gardamar da ke biyo baya a wurin mai shayi, maraice ya ƙare. Haka nan wayar hannu: a buɗe WhatsApp ko Facebook don saƙo ɗaya, a ɗago kai an ci sa'a guda.

Na biyu, zai nuna cewa ba a raba nauyi daidai ba. Shafin uwargida zai cika da ɗiban ruwa, neman itace, surfe, kai niƙa, girki, wanki da reno, ba ko layi ɗaya na hutu. Maigidan da ya ga wannan shafi da idonsa ba zai ƙara tambayar abin da ya sa take gyangyaɗi a majami'a ba. Abin da ya kamace shi shi ne ya raba aikin, 'ya'ya maza ma su ɗauki jarka.

Na uku, kuma nan ne ya fi shafarmu, zai nuna yawan maraicen da ikilisiya da kanta take ci. Yau koyon waƙa, gobe zumuntar mata, jibi addu'ar tsakiyar mako, ga ajin baftisma, taron matasa da zaman kwamiti. A ƙananan ikilisiyoyi irin namu, mutane kaɗan ne ke riƙe da dukan waɗannan. Sai a wayi gari dattijon da ke koyar da 'ya'yan wasu bai yi addu'a da nasa ba tun makon jiya. Ga kuma latti. Idan aka kira taro ƙarfe 4 aka fara ƙarfe 5, mutum 40 suna zaune, an ƙone sa'a 40 na jama'ar Allah. Kasuwar Mai'aduwa, kusa da iyakar Kwangwalam, ranar Lahadi take ci. Ɗan'uwan da abincinsa ke can zai iya yin sujada ya kuma riski ciniki idan an fara a kan lokaci, an taƙaita sanarwa. In aka ja, dole ya bar ɗaya, domin taura biyu ba ta taunuwa.

Kada wani ya ɗauka muna cewa gaisuwa, dubiya da ta'aziyya ɓata lokaci ne. A'a. Su ne muke so mu nema wa wuri. Amfanin lissafin shi ne a rage abin da ba ya ƙara kome, a bar wa zumunci, hutu da addu'a sarari.

Saboda haka muna roƙon shugabanni da dattawan ikilisiya abu uku. A ware aƙalla maraice biyu a mako da ba za a kira kowane taro ba, a bar su ga iyali. A fara taro a kan lokacin da aka sanar, ko da mutum biyar ne suka iso. A kuma rage tarurruka da damina, daga Yuni zuwa Satumba, gama ruwan arewa ba ya jiran kowa. Ko Musa, da surukinsa Yetro ya ga yana shari'a shi kaɗai tun safe har yamma, ya shawarce shi ya raba aikin, ya kuwa ji.

A fara rubutun ran Litinin mai zuwa. Ranar Lahadi da yamma miji da mata su zauna su karanta shi tare, su zaɓi abu ɗaya da za su rage da abu ɗaya da za su mayar a gurbinsa. Allah ya ba mu hikima.