A Bar wa Kajiji Bakin Ruwa

Duk macen da ke haɗa turaren wuta ta san kajiji, amma kaɗan ne suka taɓa ganinsa a tsaye. A kasuwa busasshiyar saiwa ce mai duhu, ana auna ta a gwangwani. A fadama kuwa kara ne kore, siriri, ba ganye, yakan kai ƙirjin mutum. In ka ja shi tsakanin yatsu sai ka ji gaɓoɓi a jere a cikinsa.

Babban aikinsa a ƙasa yake. Saiwarsa na rarrafe cikin taɓo tana ɗaure gaɓar ruwa, ta hana ta zaizayewa. Idan ambaliya ta ratsa cikinsa gudunta yakan ragu, laka ta kwanta, 'ya'yan karfasa da na tarwaɗa su sami maɓoya har su yi ƙwari. Masunci na cin moriyarsa ko bai taɓa sayen turare ba.

Abin da ke damuna shi ne laifin ciyawar kachala ya shafi kajiji. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina zuwa da tafiya a kan lokacinsa a fadamun Haɗeja da Nguru. Inda ya kwanta shekara cur, kachala ta mamaye, ta toshe hanyar kwalekwale, ta zama masaukin jan baki masu cinye shinkafa. Manomin da ya tsane ta yana da gaskiya, ni ma ba na ƙaunarta. Sai dai injin yasa da maganin feshi ba su san bambanci ba, duk abin da ya tsiro a ruwa ciyawa ce a wurinsu. Shi ma mai faɗaɗa gona yakan kai garma har leɓen ruwa, damina ta zo ta tafi da ƙasar da ya yi wa wahala.

Ya kamata Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ta sa wannan cikin sharaɗin duk kwangilar share kachala: a ware gaɓar da kajiji yake, kada inji ya hau ta. Masu unguwanni da sarakunan ruwa su ne suka san wuraren, a tambaye su kafin a fara. Masu haƙar saiwa kuma su riƙa barin rabi a ƙasa, su koma wani gefen baɗi.