Mayar Da Karkanda Daji: Sannu Ba Ta Hana Zuwa

A watan Mayu na 2018 aka ɗauko baƙaƙen karkanda shida cikin jirgin sama daga Afirka ta Kudu, aka sauke su a gandun dajin Zakouma na ƙasar Cadi, inda rabon da a ga irin wannan dabba tun wajen 1972. An yi murna ƙwarai, kuma murnar tana da dalili. Amma kafin shekarar ta ƙare huɗu daga cikinsu sun mutu, sai mata biyu suka saura. Ba maharbi ne ya kashe su ba. Da aka bincika sai aka tarar ganyayen sabon mazaunin ba su riƙe su ba, suka yi ta ramewa har ƙarfinsu ya ƙare.

A shekarar nan kuma ƙasar Kenya ta ga irin wannan asara. An kai karkanda 11 gandun Tsavo ta Gabas, duka suka mutu, yawancinsu saboda ruwan da aka tanada musu gishiri ya yi masa yawa. Darasin da ke cikin waɗannan al'amura guda ne, watau mayar da dabba daji aiki ne na shekaru, buɗe mata ƙofa kuwa shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsa.

Dalilin da ya sa ake wannan wahala a fili yake. A 1970 baƙaƙen karkanda a Afirka sun kai kimanin 65,000, amma zuwa 1995 ba su cika 2,500 ba. Irin da ke zaune a arewacin Kamaru ya ƙare ƙaf, an tabbatar da haka a 2011. A Afirka ta Kudu kaɗai an kashe karkanda 1,215 cikin 2014. Duk wannan ɓarna saboda ƙaho ne, ƙahon da bai bambanta da farce ko gashin mutum ba wajen abin da aka halicce shi da shi, ba ya kuma warkar da wata cuta. Ga shi macen karkanda tana goyon ciki wata 15 zuwa 16, ta haifi ɗa ɗaya tak, ya bi ta shekara biyu ko uku. Dabbar da ke haihuwa a hankali haka, ko guda aka rasa an yi babbar asara.

Idan aka harbe uwa, ɗan da ta bari shi ake kai wa gidan renon marayu. Da farko ana ba shi madara a kwalba dare da rana, a haɗa shi da wani maraya ɗan'uwansa, ko ma tunkiya, don kaɗaici na iya karya shi. Bayan kamar shekara ɗaya da rabi a yaye shi. Daga nan sai mai reno ya fara janye jiki, domin karkandan da ya saba da mutum zai tunkari maharbi kamar yadda yake tunkarar mai ba shi abinci. Sai a mai da shi wani fili mai shinge a cikin dajin da zai zauna, ya saba da ganyen wurin da ruwansa da ƙudajensa. Ko bayan an sake shi, masu gadin daji ba su daina bin sawunsa, suna duban ƙibarsa da ramarsa.

Abin yabawa a nan shi ne Cadi da ƙungiyar African Parks, wadda ke riƙe da gandun tun 2010, ba su ɓoye asarar ba, ba su kuma yi zuciya sun bar aikin ba. Sun shafe shekara biyar suna nazari, sa'an nan a watan Disamba na 2023 suka kawo wasu biyar, aka zaɓi lokacin da ya fi dacewa, aka kuma yi tanadin abinci na ƙari. Haka ya kamata duk hukumar da ke da irin wannan niyya ta yi, ta fara gyara wurin kafin ta kawo dabbar, kada ɗokin bikin sauke baƙi ya sa ta gaggawa.

Mutanen Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal ba su bukatar dogon bayani a kan wannan. Duk wanda ya bar garinsu ya san ruwan baƙon wuri da cimarsa sai a hankali ciki ke karɓarsu, ya kuma san amfanin mai masauki. Akwai kuma nauyin da ya hau kansu. An sha kama hauren giwa da sauran sassan namun daji a tashoshin jiragen ruwa na Ikko, kuma irin wannan kaya ba ya tafiya sai da dillali da direba da ɗan dako. Wajibi ne sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su ja kunnen mutanensu, kada wani ya karɓi saƙon da bai san cikinsa ba, ko ya sayar da mutuncinsa saboda la'ada. Abin da wani ya rena shekara uku, ba daidai ba ne harsashi guda ya gama da shi don ƙaho. Allah Ya sa a gane.