Wasiƙa a Buɗe ga Masu Riƙe da Ƙungiyoyin Ƙwallon Ƙafa na Myanmar

Zuwa ga masu ƙungiyoyi, manajoji da masu horar da 'yan wasa a babbar gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasar Myanmar. 

Mai wannan wasiƙa Bahaushe ne, kuma ƙasarsu ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Da sunan Bama aka san ta a Kano da Katsina da Zariya, domin can aka kai dubban samarin Afirka ta Yamma a Yaƙin Duniya na Biyu, cikin runduna ta 81 da ta 82, suka yi ta fama a dazuzzukan Arakan da kwarin kogin Kaladan a 1944 da 1945. Garin Sittwe, inda Kaladan ke faɗawa teku, shi ne garin da ƙungiyar Rakhine United ke wakilta. Duk wanda ya taso yana jin tsofaffin soja suna labarin Bama, idan ya ci karo da sunan wannan yanki a teburin gasa, sai ya tsaya ya duba.

Kakar 2019 ce ta sa aka ɗauki alƙalami. Ƙungiyoyi 12 suka fafata, gida da waje, wasa 22 kowacce, kuma Shan United ta garin Taunggyi ta ɗauki kofi ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba. Wanda ya fi kowa zura ƙwallo a raga a shekarar ɗan ƙasa ne, Win Naing Soe na Yadanarbon, a gasar da ta saba barin wannan kambu a hannun baƙi daga Brazil da Afirka. Ba wanda ya san cewa daga ita an yi sallama da zaman lafiyar gasar na tsawon lokaci. A watan Maris na 2020 annobar korona ta tsayar da wasa. Da aka dawo, sai aka tattara kowa a Yangon, aka buga a filaye babu 'yan kallo. Ranar 1 ga Fabrairu 2021 sojoji suka karɓe mulki, kakar wannan shekara ta tafi ba a buga ba, har Shan United da Hantharwady United suka janye daga gasannin nahiyar Asiya da suka yi gumi suka samu gurbinsu. Da aka farfaɗo a 2022, Yangon ce dai ta ci gaba da ɗaukar nauyin wasannin.

Abin da ya ɓace a nan ya fi kaka ɗaya. Dalilin kafa gasar ne gaba ɗaya ya bi ruwa.

Kafin 2009, babbar gasar ƙasar ta ma'aikatun gwamnati ce, duk a Yangon: ƙungiyar ma'aikatar kuɗi, ta ma'aikatar ciniki, ta ma'aikatar sufuri da makamantansu. Mutumin Mandalay ko na Pathein ba shi da abin da zai kira nasa. Wa zai kwana da baƙin ciki don an doke ofishin haraji? Sabon tsarin 2009 ya zo da ƙungiyoyi takwas, kowacce da yankinta. Yadanarbon ta Mandalay ce, Kanbawza ta ƙasar Shan, Delta United ta bakin kogin Ayeyarwady inda ake noman shinkafa, Okktha United ta Bago, Zeyar Shwe Myay ta Monywa, sai Magway, da Southern Myanmar, da Yangon United. Jama'a suka cika filaye, saboda a karon farko wasan ya zama na gari da gari. A wasan ƙarshe na kofin 2009 Mandalay da Yangon suka haɗu, tsohon birnin sarakuna da birnin da Turawa suka mayar hedikwata, kuma Yadanarbon ta yi nasara a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Shekara ɗaya bayan haka ta ci kofin shugaban hukumar ƙwallon Asiya, inda ta doke Dordoi-Dynamo ta Kirgistan da ci 1 da nema bayan ƙarin lokaci.

Sai dai masu ƙungiyoyin sun fi kowa sanin yadda aka haifi gasar. Wata wasiƙar sirri ta ofishin jakadancin Amurka, wadda WikiLeaks ta fitar a 2010, ta ba da labarin cewa jikan Janar Than Shwe ya so a saye Manchester United kan dala biliyan ɗaya, aka ga abin zai yi muni ƙasa da shekara ɗaya bayan guguwar Nargis ta hallaka mutane fiye da dubu ɗari, sai aka umarci manyan 'yan kasuwa kowa ya ɗauki ƙungiya ɗaya, a saka masa da kwangiloli da lasisin haƙar ma'adinai. Haka Yangon United ta tashi a ƙarƙashin Tay Za na kamfanin Htoo, Kanbawza kuma a inuwar bankin KBZ. Ba a kawo wannan don tonon silili ba. An kawo shi ne domin shi ne tushen cutar da har yau take damun gasar: ƙungiyar da ta rayu da aljihun mutum ɗaya, ranar da ya gaji ko kasuwa ta juya masa baya, ita ma ta mutu. Zeyar Shwe Myay, ɗaya daga cikin takwas na farko, yau babu ita. Daga 2009 zuwa 2025 ƙungiyoyi uku kacal suka taɓa ɗaga kofin, Yadanarbon da Yangon United da Shan United, kuma daga 2019 zuwa 2025 ba wanda ya ƙwace shi daga Shan United. Wannan abin yabo ne ga mutanen Taunggyi, amma ga gasar alama ce ta rashin lafiya, domin ɗan kallo da ya san zakara tun kafin a busa usur ba ya ɓata kuɗin mota.

Babbar shawarar wannan wasiƙa ita ce masu ƙungiyoyi su ɗauki kansu a matsayin masu riƙon amanar gari. Ba wanda yake cewa a kwashi yara a kai su Sittwe ko Monywa alhali ana ruwan wuta a hanya. Ran ɗan wasa ya fi kowane kofi. Girgizar ƙasar 28 ga Maris 2025 kuma ta ƙara wa Mandalay da Sagaing rauni a kan rauni. Amma tsakanin "ba za a iya buga gasa a gida ba" da "an yanke hulɗa da gida" akwai tazara mai faɗi. Ƙungiyar da ke zaune a Yangon tana iya barin mai horarwa ɗaya ko biyu a garinta suna koyar da yara, tana iya buɗe rajistar magoya baya da ɗan kuɗi kaɗan a shekara, ta ba su kujera a kwamitin da ke duba kuɗin shiga da fita. Kuɗin ba zai biya albashi ba, gaskiya ne. Amfaninsa shi ne ranar da attajiri ya janye hannunsa, za a sami mutane dubu da suke jin suna da haƙƙi, su ce ba su yarda sunan garinsu ya goge daga tebur ba.

Game da yara, Myanmar ba ta buƙatar kowa ya zo daga waje ya koya mata. A 2014 ta karɓi baƙuncin gasar 'yan ƙasa da shekara 19 ta Asiya, yaran Gerd Zeise, Bajamushen da ya horar da su, suka doke Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ci 1 da nema a filin Thuwunna, suka sami tikitin gasar duniya ta 'yan ƙasa da 20 da aka yi a New Zealand a 2015. An doke su a duka wasanninsu uku, amma sun je, kuma Aung Thu, yaron Yadanarbon, ya ci masu masaukin baƙi ƙwallo. Waɗannan yara an tara su tun suna ƙanana, an ciyar da su, an bar su tare shekara da shekaru a hannun mutum ɗaya. Sirrin ke nan, kuma ba ya buƙatar dala biliyan. Ƙasar da yaranta ke tashi da chinlone, wasan nan da ake zagayawa ana riƙe ƙwallon saƙar kara a sama da ƙafa da gwiwa da kai ba tare da ta taɓa ƙasa ba, ba ta da ƙarancin masu iya taɓa ƙwallo. Abin da kan yi ƙaranci shi ne abinci mai gina jiki, da likita, da mai horarwa da za a bari ya shekara uku a wuri ɗaya.

Idan yaron ya girma, zai tafi, kuma bai kamata a ji haushinsa ba. A 2018, lokacin da gasar Thailand ta ware gurbi na musamman ga 'yan ƙasashen yankin kudu maso gabashin Asiya, Aung Thu ya tafi Police Tero a matsayin aro, Kyaw Ko Ko na Yangon United ya tafi Chiangrai United. Daga baya Aung Thu ya sa rigar Muangthong United da ta Buriram United, manyan gidajen ƙwallon Thailand. Yanzu da darajar kuɗin kyat ta zube, ga kuma dokar tilasta shiga soja da aka fara aiki da ita a Fabrairun 2024 kan maza masu shekara 18 zuwa 35, wato daidai shekarun ɗan ƙwallo, ƙofar fita ta ƙara faɗi. Manajan da ya san aikinsa zai ba yaro kwantiragi mai tsawo tun da wuri, a rubuce, da kason da ƙungiya za ta samu idan an sake sayar da shi gaba. Ta haka tafiyar ɗan wasa ɗaya za ta ciyar da makarantar yara ta shekara guda. Wanda ya riƙe yaro da baki kawai, wata rana zai wayi gari ya ji labarinsa a Bangkok.

Akwai kuma baƙi. Shekaru da dama 'yan Najeriya, Ghana, Kamaru, Gini da Kwaddibuwa suna cikin masu ɗaukar nauyin gaba da baya a wannan gasa. César Augusto ɗan Brazil ya yi shekarunsa yana cika raga wa Yangon United, Christopher Chizoba ɗan Najeriya ya yi suna a Ayeyawady United da Shan United. Ɗan Afirka da ya sauka a Yangon bai san harshe ba, bai iya karanta ko allon kan titi ba, ba shi da dangi sai wanda ya ɗauko shi. Haƙƙinsa ne a ba shi kwantiragi cikin harshen da yake ji, fasfonsa ya zauna a hannunsa, a faɗa masa da wane kuɗi za a biya shi kuma a kan wane canji, a tanadi tikitin komawa gida tun ranar da ya zo. Ƙungiya ta yi magana da shi kai tsaye, kada ta bar komai a hannun dillali. Labarin yadda aka riƙe mutum ɗaya yana isa Legas da Accra kafin kakar ta ƙare, kuma da shi na gaba zai yanke shawarar zuwa ko ƙin zuwa.

Batu mafi nauyi shi ne na 'yan wasan da suka ƙi amsa kira bayan juyin mulki. A watan Mayun 2021 manyan 'yan wasa da dama suka ƙaurace wa tawagar ƙasa, aka je birnin Chiba na Japan da waɗanda suka rage, Japan ta zura musu ƙwallo 10 ba ko ɗaya. A wannan wasa ne mai tsaron gida Pyae Lyan Aung ya ɗaga yatsu uku, alamar adawa da juyin mulkin, lokacin taken ƙasa, daga baya ya ƙi hawa jirgin komawa, Japan ta ba shi mafaka. Masu ƙungiyoyi suna zaune a ƙasar, sun san haɗarin da ke kansu fiye da mai rubutu daga nesa, kuma ba a neman su yi abin da zai jefa iyalansu cikin bala'i. Abin da ake roƙo kaɗan ne: kada su zama hannun da za a hukunta ɗan wasa da shi saboda abin da zuciyarsa ta hana shi yi. Kada a rufe masa takardar sauya ƙungiya, kada a cinye masa bashin albashinsa. Ranar da ƙura ta lafa, waɗannan mutanen ne za su dawo su zama masu horarwa, kuma za su tuna wanda ya bar musu ƙofa a buɗe.

Ƙasar tana da tarihin da ya isa a kare. Bama ta ci zinare a wasannin Asiya a 1966 da 1970, ta zo ta biyu a kofin Asiya na 1968, ta ci zinaren wasannin yankinta sau biyar a jere daga 1965 zuwa 1973, ta kuma je Olamfik na Munich a 1972 inda ta doke Sudan da ci 2 da nema. Sein Hlaing ne ya horar da yawancin waɗannan tawagogi, Suk Bahadur kuma shi ne tauraron zamanin. Ya kamata kowace ƙungiya ta sa wani ya riƙa adana sakamako, hotuna da sunayen waɗanda suka sa rigarta, ko da a littafi ɗaya ne, domin abin da ba a rubuta ba a lokacin yaƙi da wuya a same shi bayansa.

Roƙo na ƙarshe na shugabannin Shan United ne. James George Scott, malamin nan ɗan Scotland da ya koya wa ɗalibansa ƙwallo a Rangoon, wato Yangon, wajen ƙarshen shekarun 1870, ya ƙare aikinsa yana shugabantar kudancin ƙasar Shan daga Taunggyi, garin da ke kan tsauni mai tsayin kusan mita 1,400 sama da teku, kusa da tafkin Inle. Yaron da yake da shekara goma lokacin da ƙungiyar garin ta gama 2019 ba a doke ta ba, yanzu ya zama saurayi, kuma yawancin kofunan da suka biyo baya a waya ya gan su. Duk ranar da hanya ta yi kyau, ko kafin a dawo da wasannin gasa, su ɗauki kofunan da 'yan wasan su hau tsaunin, su buɗe ƙofar fili kyauta, su yi atisaye a gaban jama'a, su bar yaran makaranta su shigo su taɓa ƙwallo tare da su.

Da fatan alheri,
Wani mai bin gasarsu daga ƙasar Hausa.